Biyu a Gaba

Shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin gwaje-gwajen makarantar sakandare, yana wanke kwalabe, yana kankare siririn ƙarfen magnesiyam da samfefa har ya yi sheƙi. Ba malami ba ne, takardarsa ba ta kai ba. Amma malaman kimiyya goma sha ɗaya sun zo sun wuce a kan idonsa, kuma daga bayan aji ya kwashe karatun tas. Ɗalibai suka laƙaba masa Biyu-a-Gaba, saboda duk wanda ya gani yana fama da daidaita lissafin magnesiyam, sai ya raɗa masa, "Sa biyu a gaba."

Burinsa ɗaya ne, autarsa da ke aji huɗu ta yarda cewa ubanta ya san wani abu. A gida da murafan kwalba yake koya mata. Oksijin biyu-biyu yake zuwa, don haka sai an kawo magnesiyam biyu kafin kowa ya sami abokinsa. In da ruwa aka haɗa magnesiyam kuma, ruwan ake ninkawa.

Sai aka kawo sabon malami, saurayi mai digiri da ƙamshin turare. Ranar darasin ƙona magnesiyam a ajin autarsa, Biyu-a-Gaba ya kama ƙarfen da awartaki ya kanga a wuta, haske ya kashe wa kowa ido, farar toka ta zubo. Malam ya juya ga allo ya rubuta Mg + O₂ → MgO₂, ya kaɗe hannu kamar ya gama gina masallaci.

Dattijon ya yi gyaran murya. "Malam, a gafarce ni, ba a taɓa ƙaramar lambar ƙasa. Tokar nan MgO ce. Biyun a gaba ake sa ta, nan da can."

"Baba," in ji malamin yana murmushi, "kwalabenka na jiranka."

Ajin ya tuntsire da dariya. Auta ta sunkuyar da kai. Bai ji zafin dariyar ba kamar yadda ya ji zafin wannan sunkuyon.

Bayan mako biyu aka raba takardun gwaji. Ta kawo masa tata yana tsaye a bakin famfo, hannunsa duk kumfa. Lissafin malam ta rubuta, an kuma ba ta maki cif.

"Baba, na san naka ne daidai," ta ce, ba ta dube shi ba. "Amma jan biro a hannunsa yake."

Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ɗaga takardar wajen taga. A gaban Mg akwai shatin fensir, inda ta fara rubuta biyu. Ta goge ta da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

Ya miƙa mata abarta, ya buɗe famfo.