Boksin Baba da Sajin Inna

In na ce muku na taɓa tsinto mota guda daga gidaje goma sha ɗaya, za ku ce ƙarya ce, kun san halina. To ku ce. Amma ku je ƙauyenmu can bayan Makwar ku tambayi ko akuya.

Boksin Baba ne, tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake kwaso auduga da dawa daga hawasha, gonarmu ta noman ruwa. Ta mutu tun ina saurayi, ta zauna ƙarƙashin darbejiya kaji na ƙwai a cikinta. Baba kuma bara waccan ya rasu. Na zo daga Wad Madani, aka kai shi, aka zauna karɓar gaisuwa. Kowa na kuka, har wani da na tabbata shinkafa ta kawo shi. Ni ko, wayam. Shayi nake sha, ina cewa amin, ina kallon ƙudaje.

Rana ta huɗu na zauna gaban motar, na ce wa kaina: in na maida ta cikakkiya yadda Baba ya san ta, na zauna kujerarsa na riƙe sitiyari, wataƙila abin da ya ƙi zuwa ya zo. Ba tuƙi nake nema ba. Injin nan ko aljani ba ya tada shi.

Sai dai a wurinmu ba a barin ƙarfe ya huta. Kujerar na shagon mai aski, rabin mazan ƙauyen sun zauna kanta. Ƙofar baya ta zama gada a kan ƙaramar tur'a, ita ake takawa a tsallake ruwa zuwa gona. Garen taya ɗaya mai shayi ta maida shi murhu. Na bi su gida gida, wani na musanya masa da benci, wani da katako, wani da daɗin baki kawai.

Madubin gefe na hannun Kawu, ƙanen Inna.

"Kawu, madubin Baba na zo karɓa."

"Ya zol, kai bawan Allah, shekara ashirin ina gyaran gemu da shi. Yanzu da mi zan ga huskata?"

"Kawu, ai rashin ganin nan rahama ce a gare ka."

Ya jefe ni da takalmi, sannan ya miƙo madubin. Duk mutanen gidan suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki na yi, don na san nan ne wurin yin ta.

Kullum da hantsi sai in shimfiɗa buhu in zauna, ga kananzir a gwangwani, ga toka da lemun tsami. In kankare tsatsa, in goge, in ɗaura. Tsatsar da na cire ta isa a gina ɗaki da ita. Matata ta kira daga Madani ta ce yaushe zan dawo, na ce kwanan nan. Ta ce lafiya nake? Na ce tamam. Fitila ta koma gurbinta, ƙofa ta koma, ban ji daɗi ba, ban ji ciwo ba. Sai in ce ai don ba ta cika ba ne.

Daga ƙarshe abu ɗaya ya rage. A tsakiyar kabbut, murfin injin nan, akwai rami mai kusurwa huɗu, an yanke ƙarfen tsaf. Kuma na san inda yake tun ina yaro. Shi ne sajin Inna, faifan ƙarfen da take gasa kisra, wainar dawa mai faɗi marar kauri, a kai kowace safiya. Ya yi baƙi, ya yi santsi, ƙuda ma in ya sauka zamewa yake.

Na shiga kasuwar Makwar na sayo sabon saji, mai kauri, yana walƙiya. Da safe na same ta a madafa, ta zuba ƙullu tana shimfiɗa shi da ɗan guntun kaba. Na jingine sabon a bango inda za ta gani.

"Inna, barka da aiki. Dubi abin da ɗanki ya kawo miki. Wanga ko matar gwamna ba ta da irinsa."

"To kai mata."

"Inna, wancan tsohon nake so. Mai walda zai liƙa shi, shi kaɗai ya rage motar Baba ta cika."

Ta ɗaga kisrar da yatsa biyu, ta ajiye a faifai, ta goge ƙarfen da tsumman mai. Ba ta dube ni ba.

"Wata uku kana yawo gidajen mutane kana kwashe musu kaya, na yi shiru."

"Don Baba nake yi, Inna."

Sai ta juyo.

"Ubanka da hannunsa ya yanko mini ƙarfen nan, bai tambayi mota ba. In kewarsa kake, je ka zauna ka yi kuka kamar mutane. Ka ɗauke mini wanga gwangwanin da ka sayo daga madafa."