Majigin Gigin Tsufa da Gaisuwar Baba

Shekara takwas ke nan da muka rufe Baba a Kende. Da ƙarfinsa, falken albasa ne, yana ƙetare iyakar ƙasar Benin kamar ya shiga zaurensa. Da gigin tsufa ya kama shi, sunayenmu suka ɓace masa, hanyar masallaci ma ta ɓace, amma gaisuwa ba ta ɓace ba. Kowa ya gani sai ya tsaya ya tambayi gajiya da iyali.

Ban manta ranar da na kai shi wani ɗakin shan magani ba. Baba ya miƙa wa ma'aikacin hannu, ya gaishe shi. Mutumin ya dubi hannun, ya dube ni, ya ce in kai shi gida in kulle, wannan ba aikin asibiti ba ne. Hannun Baba yana nan a miƙe har na kama shi na sauke.

To, jama'a, zamani ya ci gaba. Bana aka zo Bagudo da majigi, wai za a koya wa ɗaliban kiwon lafiya tausayin masu gigin tsufa. Kun san wa ke riƙe da lasifika? Mutumin nan dai. Ya yi tumbi, ya sha babbar riga, bakinsa cike da tausayi.

Na je da Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, don ita ma ciwon ya fara taɓa ta, ba a barinta ita kaɗai. So nake in ga hannun da za ta faɗa ciki. A fim ɗin, wata tsohuwa ta ɓace a ƙofar gidanta. Ɗalibai suka yi ta sharar hawaye, wasu na ɗaukar kansu hoto suna kukan. Sai Gwaggo ta tashi, ta taka har gaban allon, ta durƙusa, ta shiga gaida tsohuwar da yaren Dandanci, tana tambayarta 'yar gidan wa ce, a raka ta.

Mai lasifika ya matso kusa da ni. “Malam, hita da tsohuwag ga, tana hana yara kallo.”

Na fita da ita. Cikin masu kukan ba wanda ya waiwayo, sai ɗaya da ya janye ƙafa don mu wuce. Wallahi ban taɓa raina hawaye kamar ranar ba.

Da Baba na raye, ba zai yi faɗa ba. Na san shi, zuwa zai yi ya sake miƙa wa mutumin hannu.

Bai bar mana gida a birni ba, amma gidansu ya bar abin da ciwon ya kasa cinyewa. Gwaggo ba ta san sunana ba yanzu. Duk da haka, a cikin ɗakin nan cike da masu koyon tausayi, ita kaɗai ta gaida tsohuwar.