Inna da Farin Idona

Jiya na kai ɗiyata rigakafi, warin asibitin ya tuno mini da Inna. Lokacin da ake kai ta wankin ƙoda Sakkwato daga Gummi, ciwon hanta ya kama ta. Likita ya ce allurar rigakafin ciwon da aka yi mata ba ta kama jikinta ba saboda ƙodar. Idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Kullum da safe sai ta ja fatar idona da yatsanta mai sanyi, ta duba farin.

Ran nan ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗauko mayafinki, mu tahi a yi miki allurar. Ban son in bar miki wanga ciwo."

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya tsare mu daga abin da ta ji mana tsoro.