Famau da Tukunyar Tagulla

A ƙauyenmu na tsibirin Pate, in ka ji wani ya ce "Famau wa Lali, gwarzon teku", to baƙo ne. Mu da muka san shi "Allah ya yafe masa" muke cewa. Masunci ne a baki, amma shekara ashirin ban ga ya kamo kifin da zai ƙosar da kyanwa ba. Sana'arsa ta gaskiya ita ce zaman bakin gaɓa in iskar arewa ta taso, yana kallon jiragen Maskat masu gangarawa Unguja, yana yi musu addu'ar da ba ta faɗuwa a masallaci.

Muna da al'ada: abin da teku ya tofar na wanda ya tsinta ne, muddin mai shi bai fito da rai ba. In ya fito, ko allura ce sai ka mayar. Kakanninmu sun ɗauka adalci suka yi. Ba su lura sun koya wa jikokinsu kurumta a kan ruwa ba.

Wata Talata da hantsi addu'ar Famau ta karɓu. Wani babban jirgi ya hau duwatsun bakin mashiga, ya dare gida biyu. Duk mai kwale-kwale ya tura nasa, har da ni, ba zan yi ƙarya ba. Mutane na kiran Allah a cikin ruwa, mu muna kiran juna a zo a kama buhun dabino. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Famau bai kula dabino ba. Wata tukunyar tagulla ya hango tana lilo a kan ruwa, mai kunne biyu, wadda za ta ci akuya guda har da ƙaho. Ya yi ta fama har ya jawo ta cikin kwale-kwalensa, ya juya zai yi gida yana washe baki. Sai ya ji murya daga tsakanin duwatsu, inda igiyar ruwa ke fashewa. Wata mata ce jibgegiya, rungume da karyayyen itacen jirgi. Ba ceto take nema ba.

"Kai ɓarawo, tukunyata ce."

"Mama, a garin nan sai mai rai ke da tukunya," in ji Famau.

"To makaho, gawa ka gani?"

Kowa ya san lissafin. In ya ci gaba da tuƙi, kafin azahar tukunya ta zama tasa halak malak, ba mai ce masa uffan. Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya zagi teku, ya zagi matar, ya zagi kakannin da suka kafa al'adar, ya karkata kwale-kwale cikin duwatsun nan da ko gwanayenmu ba sa shiga.

Ruwa ya buga shi da dutse har goshinsa ya tsage. Da ya kai gare ta, kwale-kwalen ba zai ɗauki mata da tukunya tare ba, ita kuma ta rantse ba ta barin tukunyarta. Sai ya sauke tukunyar a ruwa ya ɗaure da igiyar kwakwa, ya jawo matar cikin kwale-kwale. Matar ta nuna masa yara biyu da wani tsohon malami a kan katako, ya tsamo su ya zuba a tukunyar, ya jawo su kamar kayan miya.

Ganin haka ne ya kashe mu da kunya. Famau fa, ba liman ba. Na tura dabinona cikin ruwa, sauran ma haka. Mutum goma sha tara muka fitar. Shida muka binne da la'asar, kuma da mun yi sauri da ba su kai shida ba.

Dattawa ba su ɓata lokaci ba: mai tukunya na da rai, tukunya tata ce. Sunanta Mwanakombo, mijinta ya rasu a Makalla, tana komawa Pemba da sana'arta ta dafa alewa. Ba ta ƙarasa Pemba ba. Da iska ta juyo Famau ya aure ta, yana gaya wa kowa wai hanyar ƙwato tukunyarsa ke nan.

Bai ƙwato ba. Shekara talatin yana goge ta da yashi da tsamiya, yana ɗebo itace, in ya miƙa yatsa ta buge shi da muciya. Ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai ɓarawo, shi kuma yana amsawa. In baƙi suka yaba masa jarunta, sai ya ce shi gardama kawai ya koma ƙarasawa.

Da ta rasu, alƙali ya raba gado, tukunya ta faɗo a kasonsa. Muka ɗauko ta mu huɗu muka ajiye masa a tsakar gida. Na so in ba shi dariya, na ce, "To Famau, yau dai ta zama taka."

Ya daɗe yana kallonta.

"Ku ɗauke ta," ya ce. "Ba wanda zai ce mini ɓarawo."