Kunnen Sanda Fita

Matso kusa, jawo tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin wani dattijo na Barkin Sale. Sanda Fita ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin fita, wato makanikin kan jirgin ƙasa, a loko, ma'aikatar gyaran jirage ta Minna, kafin ya aje aiki.

Gidansa akwai gareji. Ya gina shi da niyyar sayen mota, motar ba ta zo ba, sai wani baƙin babur da ya saya a 1976 ya gaje wurin. Shekara goma sha biyu hannun bakanike bai taɓa babur ɗin nan ba. "Waɗancan na bakin titi," in ji shi, "guduma ce sifanarsu."

Kowace Asabar da hantsi sai ya shimfiɗa buhu, ya kwance filogi ya kankare, ya ja sarƙa ya ɗiga mata baƙin mai. In ya gama ya tayar, ya kafa bakin sukundireba a jikin injin, ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Haka aka koya masa a loko, wai inji yakan faɗi ciwonsa tun kafin ya kwanta.

Kada ka ɗauka gyaran marmari ne. Wansa Munzali yana kwance a Zungeru, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'ya duk sun watse neman abinci. Kowace Lahadi Sanda ke kai masa magani, ya yi masa wanka da aski, ya juyo kafin magariba. Motar haya sai ta cika take tashi, in ka biye mata rana ta tafi. In babur ya tsaya, Munzali zai yi mako biyu ba wanka.

Abin da Sanda bai yarda da shi ba, kunnensa ya fara tafiya. Ƙarar ƙarfen loko ta ci rabonta. Sai ka yi sallama uku kafin ya ɗago, ya ce kai ne ba ka buɗe baki.

Wata Asabar cikin daminar 1988 ya gama gyara, ya saurara, ya gyaɗa kai. Matarsa Azumi tana tsakar gida tana ɓarar agushi.

"Malam, abin nan fa yana ƙwas-ƙwas."

"Me?"

"Na ce yana ƙwas-ƙwas! Kamar tsakuwa a gwangwani."

"Ke da ba ki bambance filogi da murfin kwalba?"

"Ban bambance ba. Amma shekara nawa ina jin sa ta bango? Ba haka muryarsa take ba."

Suna cikin haka maƙwabcinsu Gaiya, malamin firamare, ya leƙo. "Baba Fita, Mama ta faɗi gaskiya. Tun daga ɗakina na ji." Ya ɗan sosa ƙeya, ya matso dab da kunnen tsohon. "Kuma waccan Lahadi ina cikin tasi bayanka, wajen Maikunkele. Motar doya tana ta buga maka oda, ba ka kauce ba. Sai da direba ya sauka titi. Ni na rufe ido."

Sanda ya durƙusa gaban babur ɗin. Ya ɗauki sukundireban ya sake kafawa, wannan karon sai ya ciji ƙotar da haƙoransa. Nan take ya ji bugun a muƙamuƙinsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Tafet ne ya saki, wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin murfin injin. Aikin da ko ɗan koyo zai gane daga bakin ƙofa.

Ya kashe injin, ya zauna kan kifaffen bokiti, hannaye bisa gwiwa. Gaiya ya sulale ya tafi.

"Azumi. Aje agushin nan ki zo ki tsaya."

Ya buɗe murfi ya ɗaure tafet ɗin, ya rufe, ya tayar. Ta karkata kai. "Ya ragu, da saura." Ya kashe, ya jira ya huce, ya sake. Sai a na uku ta ce, "Yawwa, ya dawo hayyacinsa." Shi kuwa duk ukun ɗaya ya ji su.

Yana wanke hannu da kananzir ta ce, "A gareji na ara maka kunne. A hanya fa?"

Washegari ta fito ta ɗaure mayafi a ƙugu, ita da ba ta taɓa hawa babur ba sai ranar da aka kai ta asibiti. Suka yi yarjejeniya: in ta ji oda ta matse masa kafaɗar dama, shi kuma ya kauce. Haka suka riƙa yi, tsofaffi biyu, rana da ruwan sama, ta Bosso, ta Beji, har Zungeru. Yana wankan wansa, tana wanke zannuwan gado. Su dawo a gajiye, ta sauko tana dafa bango, kwana biyu gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, don ya san amsar.

Wata goma sha huɗu suka yi. Ran nan, Lahadi da safe, ya fito da babur ƙofar gida, ya ɗaure jakar magani. Azumi ta kama kafaɗarsa ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta sake, ta ƙi. Ta zauna kan dakali tana haki.

"Malam, yau kam ban iya ba."

Bai ji me ta ce ba, amma ya gani. Injin na ta aiki lafiya lau a ƙarƙashinsa, maganin Munzali ya ƙare tun jiya, motocin doya kuwa lokacinsu ne. Hannunsa ɗaya na kan makulli, ɗayan na riƙe da kan babur.

To, in kai ne Sanda, ka sa giya, ko ka kashe?