Yashin da gireda ta tara a ƙofarmu

Rannan na bi ta inda ake gyaran titi, warin man gas ya haɗu da na jiƙaƙƙen yashi ya bugi hancina. Na fi shekara ashirin rabona da wannan wari, amma nan take na ga kaina ina 'yar shekara goma sha ɗaya, a tsaye a ƙofar gidanmu can wajen Bukkuyum, ina tafa wa abin da zai cinye mana abinci.

Garinmu a gindin tudu yake. Duk ruwan da aka yi da damina sai ya gangaro da yashi ya zube a kan hanyar da ta ratsa unguwarmu, har babur ya kasa wucewa sai an tura. Tun kafin a haife ni, in gari ya waye bayan ruwa, kowane magidanci zai fito da fartanya da kwando ya kwashe na ƙofarsa. Kakana shi ne mai nuna inda za a zuba. Gidanmu ne na ƙarshe kafin rafi, ruwan unguwa kaf jikin katangarmu yake bi, sannan ya tsallaka hanya ta wani ɗan kwari a kusurwar gidan ya faɗa rafin. Kakana yana kula da kwarin nan fiye da yadda yake kula da gemunsa, don a bayan katangar rumbunsa yake. A watan da nake ba ka labari hatsin gona bai ko fid da kai ba, dawar da ke cikin rumbun ita ce za ta kai mu girbi, mu goma sha huɗu.

A shekarar ne ƙaramar hukuma ta samu gireda, wata ƙatuwar mota ruwan ɗorawa mai wuƙa a ƙarƙashin ciki. Aka yi shela cewa daga yau kwashe yashin hanya aikin hukuma ne. Maza suka ji daɗi, suka rataye kwanduna. Ruwa uku aka yi ba a ga gireda ba, yashi ya taru har jaki na nutsewa, amma ba wanda ya fita, kowa na cewa ai tana tafe.

Ta zo wata Talata da hantsi, don an ce wani babban baƙo zai bi ta hanyar ran Alhamis zuwa Gummi. Mu yara muka bi ta muna tafi, ni ce ma a gaba, zanena a hannu. Cikin ɗan lokaci ta yi aikin da maza ke wuni suna yi. Sai dai duk yashin da ta kankare gefenmu ta turo shi, ta bar tuli mai tsawo wanda ya kai ƙugun babba. Kwarin kakana kuwa ta cike shi ta daddale, kamar ba a taɓa yin sa ba.

Kakana ya fito yana ɗaga sanda. Direban, saurayi ne baƙo, ya leƙo daga sama.

"Yaro, wanga wuri da ka cike, nan ruwa ka bi," in ji kakana.

"Baba, ni hanya aka ce in gyara. Maganar ruwa sai ku je sakatariya."

Ya ja motarsa ya tafi. Kakana ya shiga gida ya ɗauko fartanya. Sara goma sun isa ya buɗe wa ruwa hanya. Kafin ya kai sara na farko sai ga mai unguwa, ya ce an aiko daga sakatariya kada kowa ya taɓa hanyar har baƙo ya wuce. Babana ma ya sa baki, ya ce kwana biyu ne kawai, kada a ce gidanmu ne ya ɓata aikin hukuma. Kakana ya dubi gabas, inda hadari ke tasowa. A tsawon rayuwarsa bai taɓa musa wa mai unguwa ba, ko da kuwa wannan ɗin a gabansa aka raɗa masa suna. Ya jingine fartanyar a zaure ya koma ciki.

Ruwan bai jira Alhamis ba. Laraba bayan azahar hadari ya haɗu, aka tsuge da ruwa mai ƙarfi. Ina rumfa da Inna muna tankaɗe, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida ita ce ke shigo da shi, ja wur, yana tumbatsa. Na nuna wa Inna, ta saki rariyar tankaɗen ta miƙe tana salati. Ruwan unguwa ya zo ya tarar da tulin yashi, bai samu wurin tsallakawa ba, ya juyo mana. Kafin maza su dawo daga masallaci ya kai gwiwa, kwanuka da kaji suna yawo a kai.

Rumbun na laka ne, a kan duwatsu yake zaune. Muna kallo duwatsun gefe ɗaya suka fara nutsewa, ya karkace a hankali, sannan ya tsage tun daga wuya har gindi ya zauna cikin ruwa. Ba wanda ya yi kuka a lokacin. Ni dai bakina a buɗe yake, na kasa rufewa, don a tunanina na yarinya rumbu ba abin da ke faɗuwa ba ne.

Babana ne ya ruga da fartanyar nan ya sare tulin. Ruwan ya fita da gudu, ya tafi da zangarniyar dawa mai yawa. Wadda muka tsamo kuma ba rana da za ta busar da ita, ta yi tsiro ta yi wari. Baƙon bai zo ran Alhamis ba, an ce an ɗaga tafiyar. Bayan mako guda dawarmu ta tsiro kore shar a kan hanyar hukuma, tun daga ƙofarmu har rafi, awakin unguwa suka yi ta kiwo a kai.

Abin da ya fi girgiza ni ya zo daga baya. Inna ta aike ni in kai wa babana fura a gona, na ratsa ta gonar wani mai hali inda 'yan ƙwadago ke noma a jere. Na biyun ƙarshe a layin, wanda aka bari a baya, kakana ne. Mutumin da ake zuwa gaisarwa a durƙushe, yana noma don mudun hatsi. Ya ɗago ya gan ni.

"Wuce abinki," ya ce. "Kak ki hwaɗa ma Innarki."

Ban faɗa mata ba har ya rasu.

Yanzu an zuba kwalta a hanyar, an yi mata lambatu na siminti. Da na je bara na tarar da shi cike da yashi da leda, samari zaune a bakinsa suna cewa hukuma ta ƙi zuwa ta kwashe. Ban ga laifinsu sosai ba, haka suka taso suka gani. Na ce a ara mini fartanya, aka shiga gida uku ana nema. Da aka kawo na naɗe zane na shiga, suna ta yi mini dariya, wai hajiya ta zo daga birni da aiki. Ina sara ina ƙirgawa a zuci. A sara na tara ruwan da ya kwanta ya fara tafiya.