Tabon da Na Bari a Allon Masallacinmu

A lokacin da wannan abu ya faru ni matashi ne mai ji da kansa, haifaffen Makka, ina riƙe da shagon gyaran kayan lantarki na mahaifina a unguwar Shisha. Kakana ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Mahaifina ya tashi yana gyara wa alhazai rediyo da agogo, har idonsa ya fara rauni ya sakar mini shagon. Baba yana da wata al'ada da nake yi wa kallon tsufa: ba ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya tambayi mai kaya aikin da abin yake yi. Ko fanka aka kawo sai ya tambaya. Ni kuwa taƙamata ita ce ba a taɓa kawo mini allon da ya mutu ya gagare ni ba, kuma ina faɗar haka ko ba a tambaye ni ba.

Wata ranar Laraba, Baba ya tafi ziyara Madina, wani ɗan kasuwar Jidda mai sayen kayan gwanjo ya sauke mini wata doguwar na'ura mai kama da firji, ya ce ta wasan yara ce, allonta ne kawai ba ya kawowa. Na ga inda ake zura kuɗin takarda, na ga hannun da ake ja a gefe, na ga kujerar da aka ɗaure mata. Babu yaron da ake yi wa wannan. Na san na'urar caca ce tun kafin mutumin ya tada motarsa, kuma ban tambaya ba ne don kada in ji amsar. Ban taɓa ganin irinta ido da ido ba, hannuna sai ƙaiƙayi yake yi.

Da na jona mata wuta sai fankarta ta tashi, maɓallanta suka yi haske, wani ɗan kiɗa ya fito, amma allon baƙi ƙirin. Na duba fis, lafiya lau. Na auna wutar da ke shiga da mita, daidai take. Na zare wayar da ke kai hoto na goge bakinta na mayar, shiru. Na haska fitila a jikin gilashin ko zan ga alamar hoto a ciki, wanda zai nuna hasken baya ne ya mutu, ban ga komai ba. Saura gwaji ɗaya da kowane mai gyara ya sani, wato a jona allo mai lafiya a gani, in ya kawo to nata allon ne ya mutu, in bai kawo ba matsalar tana cikin ƙwaƙwalwarta. Allon da ke shagon mai lafiya a ranar guda ɗaya ne tak, na masallacin unguwarmu, wanda ke nuna lokutan salla. Ladan ya kawo shi a sake masa soket, na gama, yana jingine yana jiran a zo ɗauka. Tun daga agogon bango na farko har zuwa wannan allon, Baba ne ke kula da lokacin masallacin nan, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Na ce wa kaina minti ɗaya ne. Ina jonawa allon ya buɗe, sai da na ja da baya. Ban taɓa ganin launi irin wannan ba, zinariya tana zuba kamar ana juye hatsi, wasu layuka uku suna juyawa, suka tsaya a kan lamba bakwai guda uku jajaye. Duk wannan a cikin katakon da wani kafinta ya sassaƙa wa masallaci, da sunan Allah a samansa. Da a nan na zare wayar da ban rubuto muku ba. Maimakon haka sai na nemo makullin gwajin da ke cikinta, wanda ke ba mai gyara damar wasa ba tare da kuɗi ba, na ja hannun nan. Aka kira La'asar na sauke ƙofar shago kamar yadda kowa ke yi don tafiya salla, amma ina ciki. Aka kira Magariba ina ciki. Ban ci komai ba, ban rasa komai ba, amma duk sanda layukan suka kusa haɗuwa sai in ji ƙirjina ya buga. Har yau ina mamakin mutanen da suka zauna suka ƙera abin da ya san zuciyar ɗan Adam haka.

Kwana uku na bar ta a kunne, bakwai ukun nan tsaye a allon duk sanda ba na wasa, har da Juma'ar da ban buɗe shago ba. Allon masallacin tsohon yayi ne, irin wanda in hoto ya daɗe tsaye a kansa yake kwanta masa, kuma na san da haka, don ni nake gargaɗin mutane. Ranar Asabar na cire shi na mayar masallaci, lokutan salla suka fito tas, na yi ajiyar zuciya. Sai da aka zo tada Azahar. Idan lokacin iƙama ya yi, allon yakan share rubutunsa ya koma fari don kada ya ɗauke hankalin masallata. Yana komawa fari sai ga su, bakwai guda uku, dishi-dishi kamar tabon shayi a farar riga, daidai saman kan liman. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Ina tsaye a garin da Ka'aba take, abin da na yi ni kaɗai a bayan rufaffiyar ƙofa yana rataye a alƙibla.

Baba ya dawo, ya koma wurinsa a sahun farko. Idonsa ba ya kaiwa ga allon. Bayan kwana biyu ladan ya tare shi a bakin ƙofa, cikin ladabi ya ce tun da aka dawo da allon akwai wata inuwa a jikinsa, wani ma ya ce ta yi kama da abin da ake gani a gidajen caca na ƙasashen waje. Baba ya yi dariya a gaban mutane, ya dafa kafaɗata ya ce duk abin da ya fito daga shagonsa shi ya tsaya masa, kuma hannun ɗansa hannunsa ne. Mutanen suka ba shi haƙuri. Wannan haƙurin da suka ba shi ne ya karya ni, muna shan kwana na faɗa masa komai.

Bai yi faɗa ba. Ya ce in kai shi shago. Ya shafa na'urar daga sama har ƙasa, ya kama hannun nan ya saki, sannan ya juyo ya tambaye ni aikin me take yi, da irin muryar da yake tambayar mai fanka. Ya sa na kira mai ita ya zo ya ɗauke kayansa yadda ya kawo, Baba kuma ya gaya masa irin wannan ba ta da wurin zama a garin nan. Da La'asar, tsohon nan da bai taɓa janye maganarsa ba ya miƙe bayan sallama, ya gaya wa jama'a ladan ne mai gaskiya, ya tsaya wa abin da bai gani ba, su yafe masa. Bai ambaci sunana ba. Ina bayansa ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Mun sa wa masallacin sabon allo, tsohon kuma Baba ya ce a rataye shi a shago. Allah ya yi masa rasuwa bayan shekara huɗu, allon yana nan inda ya ce a sa. Na gwada duk dabarar da na sani, inuwar ba ta goge ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kwana uku kacal suka yi wa gilashi haka, kuma ni ma idona yana kan hoton a cikin kwanakin nan. Ina roƙon 'yan'uwana masu gyara, da duk wanda aka ba ajiyar kayan jama'a, kada iya aiki ya rufe muku ido, kada kuma ku ari abin amana ku ce na minti ɗaya ne. Yanzu duk wanda ya shigo da kaya, ko fanka ce, sai na tambaye shi aikin da take yi. Wasu sukan yi dariya su ce na cika tsufa, ni kuma sai in ɗaga kai in dubi bango.